Asabar, ranar taron shiyya

An kira taro ƙarfe 10 na safe, bai zauna ba sai wajen 11 da rabi. Kundin tsarin mulkin ƙungiyarmu ta ma'aikatan jinya ya ce sai wakilan rabin rassa da ƙarin ɗaya sun hallara kafin a yanke shawara, to jiran cikon nan ne ya cinye mana safiya. Laifin ba na wakilai ba ne su kaɗai. Takardar gayyata ta fita a makare, babu ajanda a jikinta. Ma'aikacin jinya kuwa jadawalin aikinsa a tsare yake tun kafin wata ya kama, in zai zo taro sai ya sami wanda za su yi musayar aiki da shi, sanarwar kwana uku ba ta isa wannan. Mun tsayar da kwana 14 mafi ƙaranci, a haɗa da ajanda da bayanan taron baya, sannan saura kwana biyu a kira kowa a waya.

Rajista ce ta fi cin lokaci, kuma ta cancanci hakan. Ma'aji ya zo da sunayen waɗanda ake cire wa kuɗin ƙungiya daga albashi, sakatare ya zo da sunayen da rassa suka aiko, da aka jera su sai suka ƙi haɗuwa. Dalilan ba baƙi ba ne. Akwai wanda aka yi wa canjin wurin aiki, tsohon reshensa bai cire shi ba, sabon bai shigar da shi ba. Akwai wanda ya yi ritaya, da wanda ya tafi ƙaro karatu, da sabon ɗauka da ya cike fom amma takardarsa ta maƙale a ofishin albashi. Wannan na ƙarshe ya fi damuna, don yana ganin kansa mamba, ranar da matsala ta same shi ne zai ji babu sunansa. Maganin shi ne a daina gwada jerin biyu da suna, a koma lambar ma'aikaci, a kuma yi wannan gwaji duk wata uku.

Cire kuɗi daga albashi alheri ne ga asusu, amma yana da illar da ba a cika faɗa ba. Kuɗin na shigowa ko mamba yana fushi da ƙungiya, ko ma ya manta da ita. Inda ake karɓa hannu da hannu, dole wani ya tsaya gaban mamba duk wata ya ji kukansa. Da zarar an daina wannan, shugaban shiyya na iya kallon asusu cike ya ɗauka mutane na bayansa, alhali sun daɗe da watsewa.

Shi ya sa bayan hutun rana muka sa kowane reshe ya zana wurin aikinsa a takarda: sashe-sashe, ƙarƙashin kowane sashe masu aikin safe, na rana da na dare, a gaban kowane rukuni kuma sunan mutumin da ke kai musu labari ya kawo nasu. Wakili ɗaya ga mutum 10 zuwa 15 shi ne abin da ɗan adam mai nasa aikin zai iya riƙewa. Guraben da suka fito fanko kusan duk na masu aikin dare ne da na ƙananan wuraren aiki da ke nesa. Wajen cike su, ba wanda ya fi kowa ɗaga murya a taro ake nema ba. A tambayi mutum uku ko huɗu a sashen, kowa shi kaɗai: in abu ya cuɗe miki a bakin aiki, wa kike fara nema? Sunan da ya yi ta maimaituwa, shi za a je a roƙa.

Wata wakiliya ta miƙe ta ce, "Kwamared shugaba, mutanena suna tsoron riƙe muƙamin nan, kada a cilla su wani wuri." Tsoron na gaskiya ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana da yarjejeniya mai lamba 98 ta 1949, wadda ta hana korar ma'aikaci ko cutar da shi saboda harkar ƙungiya, da mai lamba 135 ta 1971 kan kare wakilan ma'aikata. Sai dai suna ɗaure ƙasar da ta amince da su ne a hukumance, a aikace kuma dokar ƙasa da yarjejeniyar da aka ƙulla da mai aiki su ake kafa hujja da su. Don haka a sanar da hukumar wurin aiki sunan wakili a rubuce ranar da aka zaɓe shi, a ajiye kwafi mai hatimin karɓa. In canjin wuri ya biyo baya, kwanan watan da ke kan takardar nan shi ne shaida.

Littafin koke-koke ya nuna wata ɓaraka. Yawancin koken da suka mutu wa'adin shigar da su ne ya wuce, ko kuma an kawo su da baki. Kowane koke ya ɗauki wa abin ya shafa, me ya faru, yaushe, a ina, wane sashe na yarjejeniya aka karya, da gyaran da ake nema. A koma wa mai koke da bayani duk mako biyu, ko da bayanin shi ne ba a amsa ba tukuna, domin shirun ne ke sa mutum ya yanke ƙauna. Koken da ya bayyana iri ɗaya a rassa uku ya tashi daga hannun reshe, ya zama aikin shiyya ta haɗa shi ta kai wa uwar ƙungiya.

Maganar yajin aiki ta taso kan ƙarancin ma'aikata, muka jingine ta. Yawan masu tofa albarkacin baki a zauren WhatsApp ba ƙidaya ba ce. Za a fara da takardar koke ta bai ɗaya, kowane wakili ya bi mutanensa ɗaya bayan ɗaya su sa hannu cikin mako uku, a ƙirga sashe-sashe. Inda hannu bai kai rabi ba, can shugabannin shiyya za su je su zauna da mutane a lokacin miƙa aiki, su saurara fiye da su yi magana. Adadin da ya fito shi za a aika sama, ba ƙari, domin da shi uwar ƙungiya za ta auna abin da za ta iya nema a teburin tattaunawa.

An tashi ƙarfe 4. Taro na gaba a reshen da ya fi nisa za a yi shi, shiyya ce za ta ɗauki nauyin sufurin wakilai. Rassa biyu ba su zo ba, ba su kuma aiko da uzuri ba. Sakatare zai kira su gobe, in waya ba ta shiga ba mataimakin shugaba zai je da kansa ranar Talata.