Sati guda na yi ina juya bayan kwalba da leda

Kwanakin baya aka gwada min jini aka ce ya fara hawa, likita ya ce in rage gishiri, ni kuma nan take zuciyata ta tafi kan lemon kwalba saboda gaskiya ina sha sosai, wata rana biyu wata rana har uku. Sai na ce bari in gani da idona. Na samu ɗan littafi, duk abin da zan kai baki matuƙar a leda ko gwangwani ko kwalba ya zo sai na juya bayansa na rubuta sodiyom ɗin da ke ciki, wato sinadarin cikin gishiri da yawansa ke sa jini hawa, haka na yi ta yi sati guda cur.

Ma'aunin da na riƙe shi ne na Hukumar Lafiya ta Duniya, babba kada ya kai miligiram 2,000 na sodiyom a rana, wato gishiri ƙasa da giram 5, bai ma cika cokalin shayi ba. Ranar farko na ɗan rikice don wasu kamfanonin sodiyom suke rubutawa wasu gishiri, ashe lissafin ba wuya, ka ninka sodiyom sau biyu da rabi shi ne gishirin.

To abin da ya ba ni mamaki, lemon da nake zargi ba shi ne babban mai laifin ba. Gwangwanin Coca-Cola mai mililita 355 sodiyom ɗinsa wajen miligiram 45 ne kawai, amma sukarinsa giram 39, kusan cokalin shayi 10 a gwangwani ɗaya fa! Sannan lemo mai kola akwai sinadarin fosfaras a ciki, shi ne wani lokaci za ka ga an rubuta E338, kuma irin fosfaras ɗin da ake ƙarawa a masana'anta jiki na zuƙe kusan dukansa, ba kamar na cikin wake ko hatsi ba, shi ya sa ake ja wa masu ciwon ƙoda kunne a kansa. Wasu lemukan kuma E211 ne a ciki na hana lalacewa, shi ma dangin sodiyom ne, sai dai kaɗan ne.

Inda sodiyom ya yi sansani shi ne taliyar leda mai saurin dahuwa. Wadda na duba ta haura miligiram 1,000, yawanci a ɗan ƙullin garin ɗanɗanon nan yake, ni kuwa biyu nake dafawa in ƙara dunƙule a kai, kafin rana ta yi tsaka na riga na cinye kasona na yini har na shiga na gobe. Sai burodi, wallahi wannan ya fi damuna don ba ka jin gishiri a baki ko kaɗan, yanka huɗu biyar sai ka ga lissafi ya tashi. Biskit mai zaƙi ma akwai, saboda hodar da ke sa shi tashi. Kifin gwangwani da sosej kam dama ba a magana.

Akwai wata dabara da ta kusa wuce ni, lambar da ke jiki sau da yawa ta ɗan kaso ɗaya ce ba ta ledar gaba ɗaya ba, ledar da nake cinyewa a zama ɗaya su sun lissafa ta kaso uku. Daga nan na koma duba layin giram 100, in gishiri ya wuce giram 1.5 a wurin to ya yi yawa, na ajiye.

Yanzu rabin ƙullin nake zubawa ba dunƙule, waken gwangwani sai na tsiyaye ruwan na ɗauraye, lemo kuma ya koma na lokaci lokaci. Makon farko abinci salam nake jinsa har raina ya ɓaci, amma bayan 'yan makonni harshe ya saba. Na so in sayi gishirin nan da ake haɗawa da fotasiyam, likitan ya ce in dakata sai an duba lafiyar ƙodata tukunna, don in ƙoda ba ta aiki sosai fotasiyam taruwa yake a jini ya taɓa bugun zuciya. Sakamakon gwajin nake jira yanzu.