Hotunan da na gani a Sakkwato

Jiya na dawo daga Sakkwato kuma har yanzu maganar hotuna ce a raina. Hanyar Gusau ba abin da zan ce sai dai addu'a, in ban da wani jami'i a shinge da ko sallama bai amsa ba ya fizge wayata yana leƙa hotunan ciki, wai me ya kai ni ɗaukar gonakin mutane.

Gidan wani abokin mahaifina na sauka, dattijon kirki, ban gama ajiye jaka ba an kawo fura mai sanyi. Bangon zaurensa kuwa cike yake, ga Sardauna Ahmadu Bello da rawaninsa, ga Sarkin Musulmi Abubakar na uku wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988, ga Shagari da doguwar hularsa. Na ce Baba ai ka tara Nijeriya a ɗaki ɗaya, ya zaro naira 200 ya nuna mini fuskar Sardauna ya ce "ɗana, yaron Legas da bai taɓa zuwa ƙasag ga ba da wanga hoto ya san mu". Gaskiya ya faɗa wallahi, mu ma a Zariya fuskar Awolowo a naira 100 muka fara saninta kafin mu karanta labarinsa a makaranta.

A kasuwa ne raina ya ɓaci. Wani mai sayar da hotuna cikin firam ya miƙo mini hoton wani dattijo mai farin gemu wai Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, na ce haba malam Shehu ya rasu a 1817, lokacin ba a ma ƙirƙiro kyamara ba, ya ce shi dai mutane na saye kuma haka yake yawo a Facebook. To yaranmu haka za su tashi suna riƙe da fuskar wani suna cewa Mujaddadi ne? Na Sardauna na saya, ya ce dubu uku muka daidaita a dubu biyu, a wajenmu firam ɗin kaɗai ya fi haka.

Hubbaren Shehu kuma ba hoto ko ɗaya da na gani, amma ga masu ziyara har daga Nijar.

Na leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu a gurguje, na sayi kilishi, sai tasha.