Fumfuna Mai Kashe Ƙwarin Shinkafa Ba Ta Son Gaggawa

Ƙannena masu shiga noman shinkafa, akwai wani ɗan ƙwaro mai ruwan ƙasa da ke maƙalewa a gindin kara, daf da ruwa, yana tsotse shuka har gona ta bushe kamar an cinna mata wuta. A ƙasashen Asiya ya fi ɓarna, kuma yawan feshin guba ne ya ƙara masa ƙarfi, domin gubar tana kashe gizo-gizo da sauran halittun da ke cinsa, alhali ƙwansa na ɓoye a cikin jikin shukar. Saboda haka ne gwamnatin Indonesiya ta haramta fesa magunguna 57 a kan shinkafa a shekarar 1986.

Cikin hanyoyin da masana suka koma gare su akwai fumfuna iri biyu, Metarhizium da Beauveria, waɗanda ƙwayarsu ke sauka a jikin ƙwaro, ta tsiro, ta huda fatarsa, ta yaɗu a cikinsa har ya mutu. Wani nau'in Metarhizium ɗin ne ma aka gwada a kan fara a Nijar, wanda aka sani da sunan Green Muscle.

Da na fara amfani da fumfunar a kan ƙwarin da ke tsotsar shinkafata, ban lura cewa abu ne mai rai ba. Na ajiye ta a ɗakin kwano mai zafi, sannan na fesa ta da tsakar rana a saman ganye, inda hasken rana ke kashe ta, ƙwarin kuwa suna can ƙasa. Ku ajiye ta a wuri mai sanyi, ku yi feshi da yamma lokacin da iska ke da danshi, ku sunkuyar da bakin abin feshin zuwa gindin kara, kuma kada ku zuba ta a tankin da bai wanku daga maganin cutar ganye ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne rashin haƙurina, domin da na ga ƙwarin suna yawo bayan feshi sai na bi su da guba, na hallaka gizo-gizon da ke taimakona. Aikin fumfunar yakan ɗauki mako guda ko fiye, kuma alamarsa ita ce gawar ƙwaro da farin gari ko kore ya lulluɓe. Don haka ku riƙa buɗa karan kuna dubawa, ku fara tun ƙwarin ba su yi yawa ba, ku kuma rage yuriya, domin shukar da ta sha taki fiye da kima ita suka fi hayayyafa a kai.