Faifan AC/DC da leburancina a Sydney

Jama'a duk wanda zai zo Sydney ta ƙasar Ostireliya aikin gini ya sani kafin ya saba da turancinsu sai ya fara sabawa da kiɗansu, ko yana so ko ba ya so. Ni dai bayan na samu katin nan da suke kira White Card, wanda babu mai barinka ka taka wajen gini sai da shi, sai aka miƙo min hular kwano da riga mai ƙyalli, takalmi mai ƙarfe a hanci kuwa da kuɗina na siya. Bakwai na safe an fara aiki, bakwai na safe rediyo ta fara. Wata ƙatuwa ce duk ta sha siminti, kullum tana kan tashar Triple M, kuma ba wanda ya isa ya taɓa ta sai wani dattijo mai aikin wayarin wanda iyayensa daga Girka suka zo, ni Baba nake ce masa, shi kuma abin har daɗi yake masa.

Wallahi da farko ciwon kai kawai nake kwasa. Jita kamar za ta tsaga bango, mawaƙin kuma yana ta ihu da wata irin murya a shaƙe, ga zafin watan Janairu don nan lokacin ne bazararsu, ga ƙarar injin yanka bulo, ka dawo ɗaki kunnenka na ta ƙugi. To akwai wata waƙa guda da take farawa da bugun ƙararrawa, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, da ta fara sai ka ga Baba ya ajiye filaya ya ɗaga yatsa wai kowa ya yi shiru, katti masu zane a hannu duk su nutsu. Ranar da na tambaye shi lokacin hutun shan shayi da suke cewa smoko, ai kuwa na janyo wa kaina lacca, shayina har ya huce.

Sunan faifan da waƙar take ciki Back in Black, na ƙungiyar makaɗan AC/DC, ya fito a watan Yulin 1980. Mawaƙinsu Bon Scott ya rasu a Landan a watan Fabrairun shekarar, yana da shekara 33, ya sha giya ya yi tatul aka bar shi ya kwana cikin mota, shi ke nan bai farka ba. Sauran har sun yi tunanin watsewa, iyayen mamacin ne suka ce a'a ku ci gaba. Suka ɗauko Brian Johnson daga arewacin Ingila ya maye gurbinsa, suka tafi Nassau a tsibiran Bahamas suka naɗi waƙa goma, bangon faifan kuma baƙi wuluk saboda makoki. Ƙararrawar ma ba ta wasa ba ce, a garin Loughborough na Ingila aka ƙera musu ita da tagulla, nauyinta wajen tan guda. Ana cewa an sayar da kwafi kusan miliyan 50 a duniya. Mu zaman makokinmu tabarma ne da carbi da addu'a, su kuma nasu makokin da ƙarar jita suka yi shi, kuma wata biyar kacal da rasuwar mutumin. Na daɗe ina juya abin a raina.

Amma abin da ya fi tsaya min ba wannan ba ne. Kiɗan da mutanen nan suke bugun ƙirji da shi suna cewa shi ne Ostireliya zalla, ashe yaran baƙi ne suka yi shi. Malcolm da Angus Young, wa da ƙanin da suka kafa ƙungiyar, a Glasgow ta Scotland aka haife su, a 1963 iyayensu suka kwaso su bayan wani mugun sanyi da aka yi a Birtaniya, a ƙarƙashin tsarin da babban mutum ke biyan fam goma kawai gwamnati ta cika sauran. Fam goma fa! Ni idan na tuna abin da biza da gwajin asibiti da jarabawar turanci suka ci min sai dai in yi dariya kawai. Shi ma Bon Scott ɗin daga Scotland iyayensa suka kawo shi a 1952. Kuma masaukin baƙin da aka fara sauke su Young ɗin, Villawood, yanzu wajen tsare waɗanda takardunsu suka samu matsala ne, duk wani baƙo a garin nan idan ya ji sunan sai gabansa ya faɗi. Na faɗa wa Baba haka, ya yi shiru can ya ce ai su ma iyayensa da suka zo ba irin sunan banzan da ba a kira su da shi ba.

Daga nan ne fa aka fara sakewa da ni a wajen aiki, da gaisuwa ce kawai a wuce, yanzu ran Juma'a oga da kansa yake tuna min lokacin masallaci ya yi, in tafi in dawo in biya awannin. Ni dai ban zama masoyin kiɗan ba, kada ma a je a kai labari gida. Da turancin ya fara zama a kunnena na gane yawanci maganar giya ce da mata da wasa da wutar jahannama, wannan kam ba zan kunna a ɗakina na Auburn ba, balle yara su ji. Amma bugun gangar, gaskiya yana sa mutum ya ɗauki buhun siminti da ƙarfi, ba gudu ba garaje, tsaf yake tafiya, kuma jitar Malcolm da ke baya ita ce ke riƙe da komai duk da Angus mai kayan 'yan makaranta ake kallo.

Ƙarshen 2024 aka rushe gidan da su Malcolm da Angus suka taso a ciki, a layin Burleigh da ke Burwood, inda suka kafa ƙungiyar a 1973. Kamfanin da ya siya filin ya fito yana ba da haƙuri wai bai san tarihin gidan ba. Baba ya yi sati yana zage-zage, har cewa ya yi da an kira shi aikin wayarin a sabon ginin ba zai je ba ko nawa za a biya. Ni kuwa na ce Baba in ka ƙi ka ba su lambata, kuɗin haya a garin nan duk sati ake biya.