Kunnen dokin Anne ta Cleves

Duk mai tara kofunan tangaram na kamfanin Royal Doulton, irin masu siffar kai da kafaɗu, ya san jerin Sarki Henry na Takwas da matansa shida. Na Henry, wanda ya fito a 1975, a kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi na tsince shi a nan Ingila. Sauran matan ma ba su ba ni wahala ba, har da Anne Boleyn mai mariƙin gatari, alhali da takobi aka sare mata kai a 1536.

Anne ta Cleves ce ta sa ni zarya. Ita ce matar ta huɗu, wadda aurenta bai wuce wata shida ba a 1540, kuma siffar kan doki aka yi mata a mariƙi saboda laƙabin goɗiyar Flanders da aka liƙa mata. Fitowar farko ta 1980 kunnuwan dokin a tsaye suke, daga baya aka kwantar da su. Masu tsayayyun kunne ake rububi.

Na samu ɗaya a intanet. Hotuna tsaf, tambarin zaki da kambi a gindi babu karce, kunne biyu cur. Na biya kuɗin da sai da na cije. Na roƙi mutumin, har da magiya, ya naɗe mariƙin daban, ya sa kwali cikin kwali.

A kwalin takalmi ya aiko ta, da tsohuwar jarida!

Tun a bakin ƙofa na ji wani abu na motsi a ciki, gabana ya faɗi. Kunnen hagu ne, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake, yana yawo a ƙasan kwalin. Mai sayarwar ya ce wai laifin masu gidan waya ne. Sai da muka kai ruwa rana ya mayar min da rabin kuɗi.

Mai gyara ya liƙa shi, ido ba ya ganewa. Amma dillalai da tocilan mai shuɗin haske suke yawo, suna haskawa gyaran zai tona kansa, farashi ya zube. Kunnen nan shi ne kuɗin, ba fuskar Anne ba. Don haka kafin ka biya, ka sa a turo maka hoton naɗin ma, in mai sayarwa ya fara kame-kame ka bar masa kayansa.

Yanzu na ga wata a wajen wani dattijo a Stoke-on-Trent. Na ce masa kada ya kuskura ya aiko, jirgin ƙasa zan hau in karɓa da hannuna.