Daga Kumasi: Kawu, a nan babu gwamna

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa da kowa, Inna kuma ta yi haƙuri da ƙarancin kira. Shekarata uku a Kumasi, tambaya ɗaya ake ta jefo min, Kawu ma ya maimaita ta ranar sallah: wai wane ne gwamnanku a can, yana aiki kuwa? Bari in amsa gaba ɗaya in huta, in taɓa maganar goro da maganar rufe shaguna a ƙarshe.

Babu gwamna, Kawu. Gana na da yankuna 16, kowanne shugaban ƙasa ne ke naɗa masa minista, har da namu na Ashanti. Ministan ba shi da majalisar dokoki, ba shi da kason wata-wata irin wanda gwamnoninmu ke kwasowa daga Abuja. Shugabannin gundumomi 261 su ma naɗi ne daga Accra, wadda mutanen zango ke kira Ankara, kada wani ya ɗauka Turkiyya nake nufi. Tsarin mulkin 1992 ya ce a ware wa gundumomi aƙalla kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa. Wani kason kuma a jikinmu ake tatsa: harajin gida, lasisin shago, tikitin kasuwa.

Lasisin nan ya sha min kai. Surukina Alhaji, wanda nake taya zaman shago, ya aike ni biya. Zuwan farko aka ce littafin rasit ya ƙare. Na biyu aka ce ina rasit ɗin bara, na koma gida muka zazzage akwati sai ga shi cikin wata tsohuwar leda, ya yi laushi kamar ganyen kuka. Na uku ruwa ya tare ni a tasha, ruwan Kumasi kuwa ba ya sallama, na isa jagab, takardar a cikin hulata. Mai karɓar kuɗin ta dube ni ta ce in dawo bayan azahar. Na zauna a benci ina ɗiga har ta dawo. Da na kawo takardar, Alhaji ya soke ta a ƙusa saman kantar shago, inda kowa zai gani.

Daga baya na gane dalilinsa. Hajiya mai koko da ƙosai a bakin layinmu a Aboabo tana tara tikitinta na kullum a gwangwanin Milo. Ranar da kwatar gaban rumfarta ta toshe, ɗauko gwangwanin ta yi ta tare kansilan unguwa yana fitowa daga masallaci. Shi zaɓaɓɓe ne, ba da tutar jam'iyya ba, gidansa kuma na bayan namu. Ta girgiza masa shi ta ce, "Ɗana, wannan fa?" Ba a yashe kwatar a ranar ba, amma an yashe.

Manyan ayyuka kuwa sai abin da Ankara ta ga dama. Da bashin waje wani kamfanin Brazil ya gina sabuwar kasuwar Kejetia a nan Kumasi, shaguna sama da 8,000. Aka soma kashi na biyu a 2019, aka tashi 'yan tsohuwar kasuwa. A Disambar 2022 Gana ta dakatar da biyan yawancin basussukanta na waje, aikin ya tsaya cak, masu kaya suka bazu a gefen titi. A Mayun 2024 kuma aka buɗe sabon ginin filin jirgi mai sunan Prempeh na Ɗaya. Da ni aka tambaya, kasuwar zan fara gamawa, don waɗanda na sani da tireloli da trotro, wato bas ɗin haya na nan, suke tafiya. Amma wa za ka kama a garin nan ka tambaya?

Ku kuwa kuna da wanda kuka zaɓa da hannunku, kuma tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Yaya, kai da ke biyan kuɗin rumfa duk ranar kasuwa, ina kake ajiye rasit ɗinka?

Goro ya yi tsada, iyakar abin da zan ce ke nan. Rufe shagunan 'yan Najeriya kuma magana ce mai tsawo, sai wata wasiƙar. In Malam zai taho da mota bayan damina, a ba shi kilishi da yajin Inna.