Asabar a Gwammaja: abin da ke shanye batirin motar Yaya

Ban gama karin kumallo ba Yaya ta kira. Motarta ta sake ƙin tashi, kuma ta ce ta gaji, ta riga ta ware kuɗin sabon batir, in zo kawai in raka ɗanta kasuwa mu sayo. Na ce, "Yaya, don Allah ki riƙe kuɗin nan tukuna, bari in zo da mitar auna wuta." Ta ce, "Auta, kai dai da mitarka. To, Allah ya kawo ka."

Abin da ya sa na tsaya kai da fata shi ne batirin nan bai ma shekara ba. Zafin Kano yana cin batir, babu musu, musamman yanzu da bazara ta kankama ake haura digiri 40 da rana. Duk da haka batir mai kyau yakan kai shekara biyu, wani ma ya wuce. Kuma tun ranar Laraba take ba ni labari iri ɗaya: da safe motar ba ta tashi, a ja mata wuta, ta wuni lafiya lau ana kashewa ana tayarwa, gari na wayewa ta koma gidan jiya. Batirin da ya mutu da gaske ba ya wuni yana aiki haka. Wani abu ne yake shan wutarsa da daddare.

Na isa Gwammaja wajen ƙarfe tara. Motar 'yar Kwatano ce, ta kwana biyu a duniya, amma injinta garau yake. Tana cikin gareji, an shigar da ita da baya, bayanta na dab da bango. Ɗan Yaya, wanda ke aji biyar a sakandare, ya riga ya ɗaga bonet yana jirana. Na ce ya murɗa makulli in ji. Fitilun dashbod suka kawo dishi-dishi, sai ƙas-ƙas-ƙas da sauri daga wajen kik, wato na'urar da ke juya injin ya tashi, injin ko motsi bai yi ba. Wannan ƙarar tana nufin wuta tana isa kik ɗin amma ba ta da ƙarfin juya shi. Da a ce fitilu sun kawo tar, aka ji ƙas guda ɗaya mai nauyi, to da kik ɗin ko wayarsa zan fara zargi.

Na ɗora mita, jar waya a kan mai alamar +, baƙar a kan mai alamar −. Ta nuna 11.4. Na nuna wa yaron, na ce ya haddace lambobin nan domin za su yi masa amfani har ya tsufa: batirin da ya cika kuma ya huta yana ba da bolt 12.6, idan ya sauko 12.2 ya kai wajen rabi, ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa ƙat. Ya ce, "Kawu, ke nan ya mutu?" Na ce a'a, wuta ce babu a cikinsa, kuma rashin wuta daban, mutuwa daban.

Muka matso da tawa motar muka ja mata wuta. Bakunan jar wayar a kan + na batiran biyu, baƙar a − na tawa, ɗaya bakin baƙar kuma na maƙala shi a jikin ƙarfen injin motar Yaya, nesa da batirin. Dalili shi ne batir yana fitar da wata iska mai kama wuta, kuma tartsatsin yakan tashi ne a haɗin ƙarshe, gara ya tashi can gefe. Ta tashi da bugu ɗaya. Injin na aiki na sake aunawa: 14.1. Na kunna manyan fitilu da fanka, ta ɗan sauko kaɗan ta tsaya sama da 13.5. Altaneta, wato na'urar da ke cajin batir idan injin na aiki, ta fita daga zargi ke nan, tana caji yadda ya kamata.

Ana cikin haka sai ga Baba, maƙwabcinsu, tsohon direban babbar mota da ya yi shekaru yana Kano zuwa Legas. Muka gaisa, na tambaye shi ƙafa, ya ce da sauƙi. Ya leƙa cikin bonet, ya nuna farin garin da ya taru a kan batirin da sandarsa ya ce, "Malam, ga ɓarawonka nan." Gaskiya ne kan batirin ya yi tsatsa, fari da ɗan kore-kore, kuma irin wannan yana hana wuta wucewa sosai. Na ce, "Baba, za mu wanke shi insha Allah, amma ina jin akwai wani ɓarawon da ya fi shi." Ya ja kujera ya zauna, ya ce sai ya ga ƙarshen lamarin.

Muka bar ta ta yi aiki na ɗan lokaci, sannan muka kashe, muka zare makulli, muka rufe ƙofofi. Na cire agogo da zobe, domin ƙarfe a hannu kusa da batir ba abin wasa ba ne. Na sa sifana mai lamba 10 na kwance kan − kaɗai. Kullum shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe, saboda gangar jikin motar gaba ɗaya a haɗe take da shi. Idan ka fara da + sifana ta taɓa bodi, za ka ga tartsatsin da zai iya narka bakin sifanar. Na mayar da mita wajen auna amfiya, ramin da aka rubuta 10, na sa waya ɗaya a kan batirin, ɗayar a wayar da na cire, yadda duk wutar da motar ke ja sai ta bi ta cikin mitar. Na gargaɗi yaron kada ya kuskura ya murɗa makulli a wannan halin, fiyus ɗin cikin mitar zai ƙone nan take.

Motar da ke kashe tana jan 'yar wuta kaɗan don agogo da rediyo da kwamfutar injin, abin da bai kamata ya wuce amfiya 0.05 ba bayan an ba ta 'yan mintuna ta lafa. Mitar ta nuna kusan 4. Muka jira ko za ta sauko, ta ƙi. Baba ya ce, "Subhanallahi, ai wannan fitila ce a kunne."

Na durƙusa a ƙarƙashin sitiyari na buɗe akwatin fiyus, na sa yaron ya danne ɗan makunnin ƙofa da yatsa don kada fitilar ciki ta ruɗe mu, idonsa kuma a kan mita. Na riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya ina mayarwa. Na rediyo, babu canji. Na fitilar ciki, babu. Da na zare na fitilar birki sai ya ɗaga murya, "Kawu, ta faɗi! Ta koma 0.02!" Na mayar, ta sake hawa. Na ce ya zagaya bayan motar. Ya matsa tsakaninta da bango, ya kare fitilar da tafukan hannunsa ya leƙa, ya ce ja take jawur, kuma murfin har ya yi ɗumi.

Na haska tocilan ɗin waya a saman sandar birki. A kan tabarmar ƙafa akwai wasu 'yan ɓarɓashi masu launin ruwan ƙasa, na ɗauki ɗaya na murza, ya zama gari. Wata 'yar roba ce, girmanta bai wuce maɓallin riga ba, da ake cusawa a wani ɗan rami a jikin sandar birkin. Idan ƙafa ba ta kan birki, robar ce ke danne hancin makunnin fitila ta riƙe shi a kashe. Da ka taka, sai ta ja baya, hancin ya fito, fitila ta kama. Tsufa da zafin mota da ke wuni a rana sun busar da ita ta farfashe, ramin ya zama fayau, hancin makunnin ya zura ta ciki babu abin da ke tare shi. Fitilar birki kuwa ba ta jiran makulli, ko an zare shi tana da wuta. Kwan fitila biyu na baya, kowanne wat 21, ga ta ukun da ke saman gilashi. Amfiya 4 daga magariba zuwa safiya, wajen awa 12, idan ka ninka ya kusa 50, batirin kuma duk abin da yake iya ɗauka 62 ne, haka aka rubuta a jikinsa. Babu batirin da zai kwana a haka ya tayar da mota, sabo ko tsoho. Da mun sayo sabon, da jibi shi ma ya kwanta, a ce an sayar mana da jabu.

Yaya ta fito da kofin kunun aya, na nuna mata ɓarɓashin a tafin hannuna. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Wannan ɗan abin?" Ta ce shi ya sa kwanan nan masu adaidaita sahu suke ta danna mata hon a baya. Wannan ya fi batirin tayar min da hankali. Fitilar da ke kunne kullum ba ta gaya wa na baya komai, bai san lokacin da ka taka birki da gaske ba. A cunkoson titin Katsina ko na Kurna da yamma, inda kowa ke manne da bayan wani, Allah ne kawai ya tsare.

Akwai kuma abin da na gani a akwatin fiyus ɗin da ya ɓata min rai. Fiyus ɗin ramin cajin waya ya ƙone tun tuni, wani ya naɗe ƙafafunsa da zaren wayar tagulla ya mayar. Wannan ɗabi'a ta yi yawa a garin nan, wasu ma takardar azurfa ta kwalin sigari suke cusawa. Aikin fiyus shi ne ya ƙone kafin wayar mota ta ƙone. Idan ka ɗaure shi da tagulla, ranar da wayoyi suka haɗu babu abin da zai yanke wutar, robar wayar ce za ta narke a bayan dashbod inda hannu ba ya kaiwa, kuma daga nan gobara take tashi. Ga shi fiyus ba shi da tsada, launinsa ma yana gaya maka ƙarfinsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Abin da aka rubuta a murfin akwatin shi za ka sa, ba wanda ya fi shi ba. Idan sabon ya sake ƙonewa, akwai wayar da ta goge tana taɓa bodi, a nemo ta. Baba ya ce a zamaninsu yaron mota da aka kama ya ɗaure fiyus, ranar ba zai ci abincin mai gida ba.

Bayan azahar ni da yaron muka tafi Ƙofar Ruwa, ba nisa daga nan. Rana ta take, ƙarar guduma da injin walda ko'ina, ga ƙofofi da bamba da injina an jera har bakin hanya. Mai shagon farko bai da robar, ya ce in manna kwabo a ramin da gam, haka kowa ke yi. Dabarar tana aiki na ɗan lokaci, kuma da dare ne ya same mu da ita zan yi, amma gam yana sakewa a zafi. Wani dattijo a layin 'yan kayan wayarin ya zazzage wani tsohon gwangwanin madara cike da ƙananan tarkace, ya tona da yatsa ya zaro ta. Muka haɗa da fiyus shuɗi guda biyu, da kwalbar ruwan batir, da ɗan giris.

Sa robar bai ɗauki minti biyar ba. Yaron ya danne birki da hannu, na cusa ta da filaya har ta zauna daram. Ya saki, fitila ta mutu. Ya danna, ta kama. Mita ta nuna 0.02.

Sauran aikin na tsafta ne. Muka cire batirin gaba ɗaya, na dama bekin soda na kicin ɗin Yaya da ruwan ɗumi na zuba a kawunansa, ya yi ta kumfa, na goge da tsohon burushin haƙori da samfefa har dalmar ta yi haske, na kula kada ruwan sodar ya shiga cikin ramukan. Batirin irin mai murfi ne, na buɗe na tarar gidaje biyu ruwansu ya ja baya har farantan sun kusa bayyana. Na ƙara musu ruwan batir, wato tataccen ruwa zalla. Ba a ƙara asid, domin ruwan ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan. Ba a kuma zuba ruwan leda ko na rijiya, gishirin da ke cikinsu yana lalata farantan. Tunda bonet a buɗe yake na zaro matatar iska, na tarar ƙurar hunturun bana ta toshe ta har ta koma ja. Na kakkaɓe, amma canji take so. Fambel ma, wato bel ɗin da ke juya altaneta, ya fara tsattsagewa ta ciki.

Batirin ban mayar da shi ba. Ya sha faɗuwa ƙasa a 'yan kwanakin nan, kuma kowace faɗuwa tana rage masa kwana. Zirga-zirgar Yaya daga gida zuwa wurin aiki ba ta isa altaneta ta cika shi ba. Na kai shi wurin mai caji a bakin titi, na roƙe shi ya sa shi a ƙaramar wuta ya kwana, kada ya yi masa cajin gaggawa. Gobe in Allah ya kai mu zan karɓo shi, in bar shi ya huta awa ɗaya ko biyu, in auna. Idan ya tsaya a 12.6, kuma bai faɗi ƙasa da 10 ba lokacin da ake buga kik, Yaya ta riƙe kuɗinta, sai dai abin da za mu cira na fambel da matatar iska ranar Litinin. Yaron ya roƙi in bar masa mitar ta kwana a wurinsa, yana so ya auna batirin babur ɗin babansa, na bar masa.